Alherin Baƙo a Gona da Bakin Rijiya: Darasi daga Damana da Ƙasar Kurfai

 

Wannan darasi ne a kan wani alheri da ba kasafai ake kawo shi a majalisin karatu ba, wato alherin da mutum ke samu daga hannun wanda bai sani ba. An ɗauko misalansa daga rayuwar manoman Damana, hedkwatar gundumar Tondikandiya, da maƙwabtansu na Filinge da ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi ta Nijar. Yanki ne da kwarin Dallol Bosso ya ratsa, ruwa na kusa a cikin kwarin, yana da nisa a kan tudu. Zabarmawa da Kurfayawa suna noman hatsi da wake, Fulani da Buzaye suna kai da kawo da dabbobi, fatake kuma suna bin hanyar kasuwar Balleyara duk ranar Lahadi. A irin wannan wuri, da wuya rana ta faɗi manomi bai ga sabuwar fuska ba.

Manomi ya san taimako iri biyu. Na farko shi ne gayya: maigida ya sanar, samarin unguwa su fito da hauyoyinsu, mata su dama fura, kafin la'asar an gama noman da zai ci shi mako guda. Abu ne mai kyau ƙwarai, amma kowa ya san biki ne, wanda aka yi wa yau shi zai yi gobe. Na biyun ba ya shiga lissafi. Amalanken jaki ta kafe cikin yashi da lodin damman hatsi, yaro ɗan shekara 12 ne kaɗai a kai, sai wasu matafiya biyu su ajiye kayansu su tura, su wuce ba tare da sun tambayi ɗan gidan wa ne ba. Ruwan shuka ya sauka, mijin wata baiwar Allah bai dawo daga cin rani a Abijan ko Kwatano ba, irin da ta binne tun kafin ruwa ya lalace, sai wani mai wucewa da ya tsaya shan ruwa ya kwance bakin buhunsa ya auna mata tiya ɗaya. Igiyar guga ta tsinke, makiyayin da ya zo shayar da shanunsa ya ba da tasa, har ya ja wa matan gari kafin ya ja wa kansa. Waɗannan ba a iya rama su, domin wanda ya yi su ya riga ya ɓace a bayan sabara da kalgo.

Masu tarbiyya suna da dalilin da ya sa suke tsayawa a kan nau'i na biyu. Idan ɗan'uwa ya taimaka, zuciya tana samun abin da za ta jingina taimakon gare shi: zumunci, surukuta, ko wani abin da aka taɓa yi masa. Sababin yakan yi kauri har ya rufe Mai sabbabawa. Shi kuwa baƙo ba shi da igiyar da ta ɗaure shi da wanda ya taimaka wa. Wa ya sa ya biyo ta wannan gona a wannan sa'a? Wa ya tausasa zuciyarsa? Labulen yana da sirantaka a nan, wanda yake da ɗan hasken basira zai hango abin da ke bayansa. Imamu Gazali, a babin godiya na littafin Ihya, ya kwatanta lamarin da kyautar sarki wadda ta iso ta hannun ma'aji: mai hankali ya san ma'ajin umarni aka ba shi, kamar yadda alƙalamin da ya rubuta takardar ba shi da zaɓi.

Sai dai a nan wasu muridai ke zamewa. Mutum ya ji an ce komai daga Allah yake, sai ya karɓi tiyar irin nan ya juya baya, ko sannu bai ce ba, yana ganin tauhidi ne ya yi. Shehu Ibnu Aɗa'illahi ya kasa mutane gida uku game da wannan. Akwai gafili wanda ke ganin alherin daga bayi kawai. Akwai wanda haƙiƙa ta rinjaye shi har ya daina ganin bayin. Akwai kuma mafi cikarsu, wanda ganin Allah bai hana shi ba wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba. Saboda haka matar da aka auna wa iri za ta ce, "Allah Ya saka da alheri, malam, Allah Ya kai ka gida lafiya," idan da ragowar fura a ƙwarya ta miƙa, sannan zuciyarta ta koma ga Wanda Ya aiko shi. Tun da ba ta san sunansa ba, addu'a ce kaɗai ramuwar da ta rage mata, kuma Manzon Allah (S.A.W) ya koyar da cewa wanda ya rasa abin sakayya ya yawaita addu'a ga mai kyautata masa.

Ƙissar da ta fi kama da bakin rijiyoyin Dallol ita ce ta Annabi Musa (A.S) a cikin Suratul Ƙasas. Ya iso ruwan Madyana yana gudun rai, ba guzuri, ba masani. Ya tarar da maza sun cika bakin rijiya, ga mata biyu a gefe suna tare dabbobinsu saboda mahaifinsu ya tsufa, ba namijin da zai ja musu. Duk wanda ya taɓa ganin rijiyar tudu a tsakiyar bazara ya san wannan hoto: mai ƙarfi ne ke fara sha, mai rauni ya jira har rana ta karkata. Annabi Musa ya shayar musu, ya koma inuwa, ya kai buƙatarsa ga Ubangijinsa. Abin lura shi ne bai tsaya jiran godiya ba, bai kuma gaya musu yunwar da yake ji ba, alhali ya fi su buƙata a ranar. Ga mutane ya miƙa hannu, ga Allah ya kai kuka. Wannan shi ne abin da sufaye ke kira futuwwa, kuma Imamu Ƙushairi ya ware mata babi guda a Risalarsa. Abin da ya biyo baya sananne ne: mafaka, aure, da aikin kiwo na shekara 8 ko 10. Amma lokacin da yake jan gugar nan bai san da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka nan Ummu Ma'abad a hanyar Hijira. Shekarar fari ce, mijinta ya fita da dabbobi, wasu matafiya suka tsaya a tantinta neman abin saye, ta ce ba ta da komai sai wata ramammiyar akuya da ta kasa bin garke. Ba ta san su ba, amma ta ba da izini. Hannu mai albarka ya shafi hantsar, nono ya zuba, kowa ya sha, aka bar mata ƙwarya cike. Tana ganin ita ce mai masauki, ashe ita aka zo wa da kyauta.

Mutanen wannan yanki ba sai an yi musu dogon bayani a kan zama baƙo ba. A yunwar 1931, wadda fara ta jawo a yammacin Nijar, ƙauyuka da dama sun watse, mutane suka yi kudu neman abinci. An sake gani a farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da kuma wahalar 2005 bayan farin dango na 2004, lokacin da gidaje da yawa suka koma ga anza da ganyen daji. Gidan da yau ke da rumbu uku, idan aka bi tarihinsa, mai yiwuwa ne a tarar da kaka ko kakan kaka da ya taɓa tsayawa a ƙofar wani yana sallama a garin da ba a san shi ba. Wani ya buɗe. Ba don haka ba da babu zuriyar.

Shi ya sa gona take da ƙofofin da Shari'a ta bar wa wanda ba na gida ba. Akwai zakkar amfanin gona, kashi ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka shayar da guga ko inji kamar lambunan rani na cikin kwari, idan ya kai nisabin wusƙi 5, wato sa'i 300. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin masu haƙƙi a kanta ko da mawadaci ne a garinsu. Akwai kala, zangarniyar da ta faɗi bayan an ɗaure damma, wadda dattawa ba sa komawa tsinta. Akwai abin da tsuntsu da dabba da mai wucewa suka ci, wanda hadisin Buhari da Muslim ya ce sadaka ce ga mai shukar. Suratul Ƙalam kuwa ta ba da labarin masu lambun da suka ƙulla yin sammako su girbe kafin miskini ya farka, suka wayi gari lambun ya ƙone. Laifinsu a zahiri ɗan ƙarami ne, lokacin girbi kawai suka matsar.

Yanzu kuma ga inda darasin ya yi nauyi. A 2017 aka sa sassan jihar Tillaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kuma taɓa hana hawan babur a wurare da dama, kuma a watan Maris na 2021 an kashe fiye da mutum 50 a kan hanyarsu ta dawowa daga kasuwar Banibangu. 'Yan gudun hijirar Mali suna Abala tun 2012, ga kuma 'yan ƙasa da suka bar gonakinsu suka gangaro kudu. Baƙuwar fuska a bakin gona ta zama abin da ke sa gaba ya faɗi. Uba yana da uzuri idan ya hana 'ya'yansa kula wanda ba su sani ba, kuma ba daidai ba ne a zarge shi da ƙarancin tawakkali. Wanda ya ce wa balarabe ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah shi ne Shugaban masu tawakkali.

To, ina iyakar? Taka-tsantsan yana cikin aiki, mummunan zato yana cikin zuciya, kuma ana iya riƙe na farko a saki na biyu. Baƙon da ya iso da dare a kai shi wurin mai gari ko limami, a san daga inda ya fito, ya kwana a zauren masallaci ko zawiyya idan ba a natsu da shigar da shi cikin gida ba, amma tuwonsa ya same shi a can da ɗuminsa. Ruwan sha kuwa ba ya jiran bincike. Hadisin Buhari ya lissafa mutumin da ke da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi cikin mutum uku da Allah ba zai dube su ba ranar Alƙiyama. Abin da murid zai fi tsarewa shi ne kada ya ɗora laifin 'yan bindiga a kan kowane mai rawani ko mai sanda. Makiyayin da ke jiran hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki domin ya shigo da shanunsa, sau da yawa shi ma an kwashe masa dabbobi, kuma takin da garkensa zai bari a gona shi ne hatsin baɗi. Wanda ya zauna a da'irar wazifa yana neman gafara da harshensa, sannan ya fito yana kiran wata ƙabila duka ɓarayi, ya koma ya duba abin da ya karanta.

Ga wanda ya sami kansa shi ne mai wucewar, ladabin kaɗan ne. Ya tambaya kafin ya sa hannu, musamman idan mata ne kaɗai a gonar, ya tsaya daga nesa ya ce, "Sannu da aiki, inna, ko a kama miki?" Idan an ce a'a ya wuce. Idan ya yi, kada ya tsaya har a fara neman abin da za a ba shi, domin talaka yakan shiga kunya ya ba da abin da ba shi da hali. Kada kuma ya mayar da shi labarin da zai bayar a zawiyya bayan zikirin Juma'a. Idan an matsa masa da tambayar sunansa, ya isa ya faɗi garin da ya nufa, ya roƙi a sa shi a addu'a, ya ɗauki sandarsa.