Daga Wuri da Riyal zuwa Sule: Yadda Baƙin Kuɗi Suka Ɓace a Kasuwannin Kano

Malamin Hausa da zai koyar da kalmomin kuɗi, irin su dala da sule da anini, zai gamu da tambayoyin yara waɗanda amsarsu ke cikin tarihi. Fagge wuri ne da ya dace a fara neman wannan amsa, domin tun kafin zuwan Turawa unguwar ta kasance zangon fatake a bayan ganuwar Kano, inda ayarin Buzaye da sauran baƙi ke sauke kaya.

A ƙarni na 19, kuɗin da ake ciniki da su a Kano duk baƙi ne. Wuri, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi, ana samo shi ne daga tsibiran Maldif da ke tekun Indiya, daga baya kuma daga wajen Zanzibar. Sai kuma riyal, wato dalar azurfa mai ɗauke da hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa, saboda 'yan kasuwa sun saba da shi haka, ba sa yarda da wanda aka sauya wa kama. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Wuri ya dace da ƙananan saye-saye, kamar gishiri da daddawa, amma a babban ciniki wahala ne. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, wato dala takwas ke nan a lissafin zamanin Barth, alhali kuwa kaya ne mai nauyi. Ga ɗawainiyar ƙirga, ga ladan dako. Da Turawan fatauci suka riƙa jibge wurin Zanzibar a gaɓar teku, sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama ɗaukarsa zuwa gari mai nisa na iya cinye ribar tafiyar.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904. Sai dai doka kaɗai ba ta isa ta raba mutane da abin da suka gada ba. Abin da ya fi tasiri shi ne haraji, domin tun a zamanin Sarki Abbas aka fara matsa wa talaka ya biya da kuɗin Bature, kuma dole ya sayar da wani abu kafin ya same su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanoni kuwa da azurfar Ingila suke saye. A wannan shekarar aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fara fitar da nata sulalla a 1913. Ma'aikatan reluwe da akawunan da suka zauna a Sabon Gari albashinsu da sule ne, don haka mai tallan da ke son cinikinsu sai ta koyi lissafin sule. Kwabo da anini masu huda a tsakiya su suka maye gurbin wuri a ƙananan saye-saye, ko da yake a ƙauyuka wuri ya daɗe bai mutu ba. Riyal kuwa, da yawansa ya ƙare a hannun maƙeran farfaru, ya koma zobe da munduwa.

Ba a Kano kaɗai aka yi haka ba. A Amurka ma dalar Sifen ta daɗe tana yawo a matsayin halattaccen kuɗi, har sai da dokar 1857 ta soke wannan matsayi, aka riƙa karɓar ƙananan azurfar Sifen ana ba mutane sabbin kwabban ƙasar. Bambancin shi ne, can kuɗin ƙasa ne ya kori baƙo, a nan kuwa baƙo ne ya kori baƙo. Sai a 1959 Nijeriya ta sami kuɗin kanta, naira kuma ta zo a 1973.

Harshe bai manta ba. Dala ta koma sunan sule biyu a Nijeriya, a Nijar kuwa tana nufin faran biyar. An kira rabin kwabo ɗari ne saboda wuri ɗari da ake canza shi. Canji ma bai bar Fagge ba, ga 'yan canjin Wapa nan da dalar Amurka da riyal na Saudiyya.

Jinga: Ɗalibi ya tattauna da dattijo ɗaya a unguwarsu, ya tattaro sunayen tsofaffin kuɗi goma, ya ware na aro da na asali, sannan ya tsara yadda zai koyar da su a aji biyar na firamare.