Tambaya da Amsa: Baba Ya Ce Kareti Hanyar Daba Ce

TAMBAYA

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, shekarata 19, haifaffen Fagge. Na daɗe ina sha'awar koyon kareti ko takwando, har na fara tara kuɗin riga. Da na faɗa wa Baba sai ya ce atafau, wai wanda ya koyi duka sai ya nemi wanda zai daka, daga nan kuma sai daba. Gaskiya ina da saurin fushi, sau biyu ana raba ni faɗa a kasuwa bana, kuma na gaji da raini. Ta yaya zan shawo kansa?

Daga wani mai karatu, Fagge

AMSA

Kafin mu je wurin Baba, tsaya mu duba wasiƙarka. Ka ce kana da saurin fushi, ka kuma ce ka gaji da raini. Uban da ya ji wannan daga bakin ɗansa, sannan ɗan ya ce zai je koyon shuri, in ya hana bai yi laifi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Mu ma mun yi irin wannan zumuɗi. A zamaninmu in aka tashi daga fim ɗin Chainis a silimar Plaza ko Eldorado, tun daga bakin ƙofa yara ke fara shurin iska suna kuwwa, kowa ya zama Bruce Lee, ba mai yarda ya zama bos. Ni da kaina na taɓa kai wa katangar gidanmu shuri, na yi sati biyu ina ɗingishi, ga wandon sallata ya yage har gwiwa. Fim ya nuna mana dukan, ya ɓoye mana shekarun da ɗan wasan ya kwashe yana maimaita motsi ɗaya tun da asuba.

In kana son ganin abin a zahiri, tsallaka Sabon Gari da yamma ka shiga gidan dambe na Ado Bayero Square. Kada ka tsaya kallon naushi kawai. Dubi ɗan dambe yana zaune ana naɗa masa zare a hannu, kalangu na tashi, ana yi masa kirari, shi kuwa ko uffan. Turmi uku ake yi. In an yi kisa, wato abokin karawa ya kai ƙasa, sau da yawa za ka ga wanda ya yi kisan ya miƙa hannu ya ɗaga shi. 'Yan Kudu da Arewa da Guramaɗa suna adawa a fili, su fito su ci abinci wuri ɗaya. Ɗan dambe Shago, wanda mawaƙi Ɗan Anace ya yi wa waƙa, a fage ya yi suna, gaban alƙali da 'yan kallo. Bambancin ɗan wasa da ɗan daba ke nan: ɗaya yana da doka da lokacin tsayawa, ɗayan ba shi da su.

Wasannin da kake so ma a kan haka aka gina su. Ɗauki misalin ɗan'uwansu judo: mutumin da ya ƙirƙiro shi a Japan a 1882, sunansa Jigoro Kano, sunan ne kawai ya zo ɗaya da na garinmu. Malamin makaranta ne, kuma tarbiyya ya sa a gaba. Wannan "do" da ke ƙarshen judo da takwando ma'anarta hanya, wato turbar da mutum zai bi tsawon rayuwarsa. Darasin farko a judo shi ne koyon faɗuwa. Sai ka yi makonni ana kayar da kai kana tashi kafin a bar ka ka kayar da wani. Wanda ya saba da haka, maganar banza a kasuwa ba ta ɗaga masa hankali. Malamanmu ma kullum suna tuna mana cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai riƙe kansa lokacin fushi.

Abin yana da makoma kuma. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Ba da zafin kai suka kai can ba.

Ga shawarata. Ka nemi koci ta hanyar ƙungiyar wasan ta jiha, tambaya a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata za ta kai ka. Ka je ka zauna ka kalli atisaye tukuna. In ka ga koci yana zagin yara, ko yana alfahari da waɗanda ya taɓa karyawa, kama gabanka. In ka ga yana tsayar da atisaye don salla, yana korar duk wanda aka kawo ƙararsa kan faɗa a unguwa, to ka samu. Sannan ka roƙi wani kawunka da Baba ke jin nauyinsa ya rako shi ya gani da idonsa. Kada ka kuskura ka fara a ɓoye, kada kuma shago ya sha wahala saboda atisaye.

Amma hujjar da za ta fi tasiri a wurin Baba tana Kwari. Gobe ɗan dako zai banke ka da dilar atamfa a layi, ko wani ya gaya maka baƙar magana gaban maigidanka. In ka iya cewa "sannu" ka wuce, ka yi wata uku a haka, labari zai riga ka isa gida. A lokacin ka sake tayar da maganar. Allah ya yi maka jagora, ka gaishe min da Baba.