Kafin Ki Yi Allurar Goge Tamoji

Allurar Botox tana sassauta tsokar da ke naɗe goshi, sai tamoji ya kwanta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don gyaran fuska a 2002, amma aikinta wata 3 zuwa 4 ne, sai a sake biya. Kada ki yarda a yi miki ita a shagon kwalliya. Idan hannu ya kuskure, fatar ido kan sauko, ta yi makonni a haka. Allurar cike kumatu ta fi wannan haɗari, domin in ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fatar wurin, har ta makantar da mutum. Sai dai a hannun likitan fata.

Ni dai na fi son ki fara da mai sauƙi. Man kariya daga rana mai lamba 30 kowace safiya, ko da ke baƙa ce. Da dare ki lakato man shafawa na retinol kamar ƙwayar wake, sau 2 a mako tukuna, domin yana sa saɓa da farko. Da hunturu ki bi da man kaɗanya. Mai ciki ta bar retinol gaba ɗaya.

Man bilicin kuwa, 'yar'uwa, don Allah ki ajiye shi. Mai sinadarin sitiroyid yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su fito fili.