Darasi Kan Shugabancin Wurin Aiki: Abin da Masana'antun Jos Suka Koyar

JOS — Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi zai ga tafkuna masu zurfi da tarin jar ƙasa a gefen titi, waɗanda su ne ragowar aikin haƙar kuza da ya mai da wannan yanki cibiyar masana'antu tun farkon ƙarni na 20. A cikin wannan yanki akwai kamfanonin da har yanzu injinansu ke aiki, akwai kuma waɗanda aka rufe ƙofofinsu shekara da shekaru. Dukkansu sun yi fama da matsaloli iri ɗaya, wato tsadar man fetur da dizal, da faɗuwar darajar Naira, da sauye-sauyen manufofin gwamnati, da rikice-rikicen gari. Amma wasu sun tsira, wasu sun durƙushe.

Wannan darasi zai duba tarihin waɗannan kamfanoni domin fito da abu guda da ya shafi kowane mai kamfani da kowane manaja, babba ko ƙarami. Babban aikin shugaba a wurin aiki shi ne ya hana rayuwar kamfaninsa ta rataya a kan abu ɗaya, ko haja ɗaya ce, ko mai kawo kaya ɗaya, ko mutum ɗaya, ko da kuwa mutumin nan shi ne shugaban da kansa.

Haja ɗaya: darasin kuza

Kamfanonin Turawan Ingila sun fara haƙar kuza a Filato a farkon shekarun 1900, kuma a 1914 jirgin ƙasa ya iso yankin daga Zariya domin kwasar ta. Aikin ya kai ƙololuwarsa a 1943, lokacin da aka haƙo fiye da tan 17,000. Babban kamfanin da ya mamaye harkar shi ne Amalgamated Tin Mines of Nigeria, kuma a farkon shekarun 1960 aka kafa kamfanin Makeri a Jos domin narka kuzar kafin a fitar da ita waje.

Alamun ƙarshen wannan arziki sun bayyana tun da wuri. Kuzar da ke kusa da saman ƙasa, mai sauƙin wankewa, ta yi ta raguwa, wadda ta saura kuwa tana can ƙarƙashin dutse, inda haƙo ta ke bukatar jari mai yawa. A shekarun 1970 arzikin man fetur ya ɗaga darajar Naira da kuɗin ƙwadago, abin da ya sa ribar mai fitar da kaya waje ta ragu. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jari na waje suka ja baya da zuba sabon kuɗi. A watan Oktoba na 1985 kuma Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa ci gaba da tallafa wa farashi, kasuwar ta rushe, manyan kamfanonin Filato suka rasa madafa.

Ƙasar Malesiya, wadda ta fi Nijeriya haƙar kuza nesa ba kusa ba, ita ma wannan faɗuwa ta same ta, sai dai kafin lokacin ta riga ta faɗaɗa noman kwakwar manja da masana'antun kayan lantarki. A cikin Filato ma akwai misalin irin wannan hangen nesa. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin bai wa ma'adinai wutar lantarki daga ruwan Kurra, ya ci gaba da rayuwa bayan manyan abokan cinikinsa sun mutu, saboda ya sami wasu masu saye a garuruwa da ƙauyuka da masana'antu. Haka nan kamfanin NASCO, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a Jos a 1963, ya fara ne da yin buhunan zuba amfanin gona, daga baya ya shiga yin biskit da abincin karin kumallo na masara da sabulu. Ana neman haja ta biyu ne tun ta farko tana kawo riba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai kawo kaya ɗaya: darasin ƙarfe

A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta buɗe kamfanonin mulmula ƙarfe guda uku, a Jos da Katsina da Oshogbo, kowanne an tsara shi ya riƙa yin tan 210,000 na rodi da waya a shekara. An tsara cewa za su riƙa samun ɗanyen ƙarfe daga kamfanin Delta da ke Aladja kusa da Warri, wanda shi kansa bai taɓa yin aiki gwargwadon ƙarfinsa ba. A duk lokacin da Aladja ta tsaya, sai Jos ta tsaya, alhali kuwa albashin ma'aikata da kuɗin gyaran inji ba sa tsayawa. Daga ƙarshe, a zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, gwamnati ta sayar da kamfanin na Jos ga kamfanin Zuma Steel.

Wannan matsala ta samo asali ne tun daga ranar da aka zana tsarin, kafin a ɗauki manaja ko lebura. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne cewa manajan da aka ɗora wa alhakin fitar da riba, amma ba shi da ikon zaɓen inda zai sayi kayan aiki, an ba shi suna ne kawai. Duk mai kamfanin da zai tuhumi manajansa kan sakamako, wajibi ne ya fara ba shi ikon da ya yi daidai da nauyin da ya ɗora masa, kuma ya fayyace masa a rubuce iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da neman izini ba.

Kamfanin Grand Cereals da ke kusa da Bukuru, mai yin man girki da abincin kaji na Vital Feed, yana sarrafa masara da waken suya ne, waɗanda dubban manoma ke nomawa a jihohin Arewa. Shi ma yana fama da hawa da saukar farashin hatsi, amma rashin mutum ɗaya ko gari ɗaya ba zai tsayar da injinsa ba.

Riƙon ma'aikata

A zamanin kuza, Baturen ma'adini ba ya hulɗa da lebura kai tsaye. Akwai heluma, wato shugaban leburori, wanda shi ke nemo mutane, ya raba musu aiki, ya isar da umurni. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa kamfani aiki, amma ya toshe masa kunne, domin abin da heluma ya ga dama shi kaɗai ke isa ofis.

Iyakar wannan tsari ta bayyana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa zuwa Filato domin haƙar kuza, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da rashin wurin kwana sun hallaka mutane da yawa, wasu kuma suka gudu. Yawan leburori ya ƙaru ƙwarai, amma kuzar da aka samu ba ta ƙaru gwargwadon haka ba, kuma a 1944 aka soke tsarin. Tilas tana iya kawo mutum wurin aiki, ba ta iya sa shi ya yi aikin da zuciya ɗaya.

A yau doka ta hana aikin tilas, sai dai toshewar kunnen shugaba tana nan a kamfanoni da yawa, inda maigida ba ya jin komai sai ta bakin yaronsa guda da ya amince da shi. Maganin wannan shi ne shugaba ya riƙa zagaya wurin aiki da ƙafarsa, ya sanya ranar zama da ma'aikata, kuma ya buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai kuka ba tare da bi ta hannun wanda yake kuka da shi ba.

Har ila yau, dokokin ƙasa sun gindaya wasu haƙƙoƙi waɗanda cika su shi ne tushen amana. Dokar Ƙwadago ta wajabta a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar Fansho ta 2014 ta sanya aƙalla kashi 10 cikin 100 a kan mai kamfani, kashi 8 cikin 100 a kan ma'aikaci. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a wata, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin mota da na abinci. Ma'aikacin da aka cire masa kuɗin fansho daga albashi amma ba a zuba a asusunsa ba, zai gano hakan ko ba daɗe ko ba jima, kuma daga ranar babu wani wa'azin manaja da zai shiga kunnensa.

Wurin aiki a gari mai jama'a iri-iri

Aikin kuza ne ya tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa da Urobo a wuri ɗaya. Wannan haɗuwa ita ce ƙarfin Jos, kuma a nan ne ake gwada adalcin shugaba. Rikicin da ya ɓarke a watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, sun raba unguwannin gari bisa addini, har ya zama masana'anta da kasuwa da ofis suna cikin wuraren da suka rage inda Musulmi da Kirista ke wuni tare.

A irin wannan yanayi, ƙaramin son kai wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma yana iya zama babbar fitina. Ya kamata a rubuta ƙa'idojin ɗauka da na ƙarin girma da na ladabtarwa, a manna su inda kowa zai gani. Ya kamata jadawalin aiki ya yi la'akari da sallar Juma'a da ibadar Lahadi daidai wa daida. Ya kamata kuma tun ana zaune lafiya a tanadi yadda ma'aikata za su koma gida idan an sa dokar hana fita, da yadda za a biya wanda hanya ta hana shi zuwa.

Mutum ɗaya: horo da magaji

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabashin ƙasar nan, akawuna da makanikai da masu tuƙa manyan injina, suka bar Jos, kuma ma'adinai sun ji jiki saboda ba a horar da isassun masu maye gurbinsu ba. A yau ƙwararru suna barin aiki ne saboda albashi mafi tsoka a Abuja ko Ikko ko ƙasashen waje, amma illar ɗaya ce. Duk aikin da mutum ɗaya tak ya iya a cikin kamfani, haɗari ne da ke jiran ranarsa.

Abin sha'awa shi ne cewa hukumar da aka kafa domin magance wannan matsala a duk faɗin ƙasa tana da hedkwata a Jos. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971. Kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idar asusun yana da damar neman a mayar masa da wani kaso. Kamfanin da ke biya amma ba ya horar da kowa ya yi asara sau biyu. A Kuru kuma, kusa da Jos, akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 domin horar da manyan jami'an gwamnati da na soja da na kamfanoni.

Mafi wuyar sashen wannan darasi ya shafi maigida da kansa. A tsarin kasuwancin Hausa na gargajiya, maigida yana riƙe yaransa da amana, ya ba su kaya bashi, ya aurar da su, daga baya ya sallame su da jari. Wannan tsari ya gina manyan gidajen kasuwanci, irin gidan Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955 amma zuriyarsa suka ci gaba da harkar. Rauninsa shi ne cewa sau da yawa lissafi da sunayen masu bashi da mabuɗin sito duk suna kan mutum ɗaya. Idan ya kwanta ciwo ciniki ya tsaya, idan ya rasu rabon gado ya wargaza jarin.

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani mai zaman kansa rajista shi kaɗai. Ta wannan hanya ana iya raba aljihun maigida da asusun kamfani, magada kuma su gaji hannun jari a maimakon su raba injina da shaguna. Amma rajista ba ta wadatarwa sai an haɗa ta da rubutaccen lissafi, da akanta mai duba shi, da magajin da aka fara bai wa iko tun maigida yana da ƙarfinsa.

Tambayoyin auna kai

Mai kamfani ko manaja zai iya auna matsayinsa da tambayoyi biyar. Kashi nawa cikin 100 na cinikinsa ke fitowa daga haja ɗaya ko mai saye ɗaya? Idan babban mai kawo masa kaya ya tsaya yau, kwana nawa zai ci gaba da aiki? Wane aiki ne mutum ɗaya kaɗai ya iya a cikin ma'aikatansa? Yaushe rabon da ya ji kukan ƙaramin ma'aikaci daga bakinsa? Idan shi kansa ya yi tafiyar wata uku, wa zai sa hannu a takardar banki ya biya albashi?

Duk tambayar da amsarta ta tayar masa da hankali, daga nan ya kamata gyara ya fara, tun kasuwa tana ci.