Tafin ƙafar Kaka

Tafin ƙafa ba taka ƙasa kaɗai ne aikinsa ba. Cikin fatarsa akwai ƙananan jijiyoyi masu yawa. Su ke shaida ma ƙwaƙwalwa ko mutum yana bisa rairayi, ko tsakuwa, ko laka mai santsi. Idanu da cikin kunne su ma suna aika nasu labari. Da haka jiki ke tsayawa daidai.

In mutum ya tsufa, jin tafin ƙafa yana raguwa. Ciwon sukari yana ƙara rage shi. Shi ya sa Kaka Hajo take tafiya sannu-sannu, tana duban ƙasa. Cikin duhu kuwa sai ta riƙa tangaɗi. Faɗuwa guda tana iya karya mata ƙugu, ta kwanta watanni.

Wani lokaci ƙaya tana sukarta, ba ta ji ba. Don haka kowane marece jikarta Zali take duba mata ƙafafu.

— Kaka, ga rauni nan. Gobe sai mu tafi likita.

Ali kuma yana kawar da turmi da igiyar akuya daga hanya, ya miƙa mata takalmi, sanda da fitila.

Gwaji: Ku tsaya da ƙafa guda bisa ƙasa mai tauri, ku rufe ido. Ku sake bisa rairayi. Ina ya fi wuya? Don mi?