Abin da Sikanin ke Nunawa a Makonnin Farko na Juna Biyu

Sikanin, wato hoton ciki da ake ɗauka ta hanyar aika wani siririn sauti da kunnen ɗan Adam ba ya iya ji zuwa cikin jiki a kuma karɓi amsa-kuwarsa, ya shiga aikin kula da mata ne bayan da likita Ian Donald da abokan aikinsa na birnin Gilasgo suka wallafa bincikensu a 1958. A fuskar na'urar ruwa yakan fito baƙi, ƙashi ya fito fari, tsoka kuma ta fito toka-toka, kuma babu hasken da ake amfani da shi wajen hoton ƙashi a cikinsa. Sai dai yawaitar ɗakunan sikanin ta sa mata da yawa suna zuwa da zarar gwajin fitsari ya nuna ciki, alhali a lokacin na'urar ba ta da abu mai yawa da za ta nuna.

Tushen ruɗanin yana ga lissafi. Ma'aikatan lafiya suna ƙidaya shekarun ciki daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, wanda yakan riga shigar cikin da kimanin mako 2, saboda haka matar da ta yi ɓatan wata a wannan mako ana lissafa cikinta mako 4 ne ko 5. Wannan lissafi yakan karkace ga wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, da wadda ta samu ciki tana goyo tun jinin bai dawo mata ba, da wadda ta manta ranar, kuma kuskuren mako guda a wannan mataki ya isa ya sauya duk abin da za a gani.

Abubuwan suna bayyana ne bi da bi. Wajen mako 5 ake fara ganin jakar ciki, wato ɗan ɗigon baƙi mai farin baki da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a cikin shimfiɗar mahaifa da ta yi kauri. Bayan 'yan kwanaki sai wata ƙaramar da'ira ta bayyana a cikinta, wadda ake kira jakar gwaiduwa, ita ce ke taimaka wa ɗan tayi kafin mabiyiya ta kama aiki, ganinta kuma shi ne tabbacin cewa baƙin ɗigon ciki ne na gaske a mahaifa, ba ruwa ne da ya taru ba. Wajen mako 6 ake hango ɗan tayin kansa a gefen da'irar, kamar ƙwayar shinkafa, kuma idan mai aikin ya tsayar da hannunsa, matar kuma ta ɗan riƙe numfashi, sai a ga wani wuri a jikinsa yana ƙiftawa da sauri, wanda shi ne bugun zuciya. Bugun yakan fara da kimanin 100 zuwa 115 a minti, ya hau zuwa kusan 170 a mako 9.

Waɗannan lokuta na sikanin da ake yi ta farji ne, da siririyar na'urar da ake sa wa riga mai tsabta, domin ita ce ta fi kusantar mahaifa. Wanda ake yi ta kan mara, wanda ke buƙatar a cika mafitsara da shan ruwa, yakan makara da kusan mako guda. Mata da yawa suna jin nauyin na farkon, suna da gaskiyarsu, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani, a nemi yardarsu, a kawo ma'aikaciya mace idan sun buƙata. Amma ya kamata su sani cewa ba ya taɓa cikin, ba ya kuma jawo ɓari.

Wuri mafi haɗari shi ne inda aka ga jaka babu ɗan tayi, ko aka ga ɗan tayi babu bugu. Yanke hukunci a kan hoto guda cewa ciki ya lalace, har a kai ga ba da magani ko wankin ciki, kuskure ne da ba ya gyaruwa idan lissafi ne ya yi gaba. Don haka ƙa'idojin da ƙwararru a Amurka suka wallafa a 2013 suka tsaurara ma'auni: ba a tabbatar da lalacewar ciki a kan hoto guda sai tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai ya kai milimita 7 ba tare da bugu ba, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 ba tare da ɗan tayi ba. Abin da bai kai haka ba jira yake buƙata, a sake hoton bayan mako 1 zuwa 2. Wannan jira yana da nauyi a zuciyar mace da mijinta, musamman idan an daɗe ana neman haihuwa, kuma wajibi ne a gaya musu a fili abin da aka gani da ranar da za su dawo.

Akwai kuma inda jira ba shi da wuri. Idan gwaji ya nuna ciki amma mahaifa ta fito wayam, abu uku ne ke iya kasancewa: ko cikin bai isa gani ba, ko an riga an yi ɓari, ko kuma ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi, abin da ke faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Irin wannan ciki ba ya girma ya kai haihuwa, kuma yana iya fasa bututun jini ya zuba a cikin ciki ba tare da an gan shi a waje ba. A nan likita kan haɗa hoton da gwajin jini na sinadarin ciki, a maimaita shi bayan awa 48 a ga yadda yake hawa. Ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, zubar jini, jiri, suma ko ciwon kan kafaɗa alamu ne da ke wajabta zuwa asibiti nan take, ko da ranar da aka sa ba ta yi ba.

Idan cikin yana lafiya, awon tsawon ɗan tayi a watanni ukun farko shi ne ya fi kowane awo dacewa wajen fitar da ranar haihuwa, domin kuskurensa bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba, kuma a lokacin ne ake gane tagwaye da kyau, a kuma san ko mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu, abin da ke sauya irin kulawar da za a ba su. Jinsin jariri kuwa, wanda shi ne tambayar da ta fi yawa a ɗakin sikanin, ba ya ganuwa a wannan mataki, haka ma yawancin nakasar gaɓoɓi, sai a hoton da ake yi wajen mako 18 zuwa 22.