Ƙarfen jan gaban namiji: abin da yake iya yi da abin da ba ya iyawa

Darasinmu na yau ya shafi maganar da maza ba su son yi a bainar jama'a. Amma a tashar mota da bakin kasuwa muna jin masu talla suna cewa suna da maganin ƙara girman gaba. Yanzu kuma ta wayar salula ana tallar wani ƙarfe da ake cewa yana ƙara tsawo. Mutane suna zuba kuɗin hatsinsu a ciki. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Cikin mace mai juna biyu yana girma wata tara, fatar ba ta tsage ba. Kunnen matar da ta daɗe tana sa ƴan kunne masu nauyi yana ƙara tsawo. Wannan ba irin miƙewar fatar da majemi yake ja ba ce, don fatar majemi matacciya ce, in an ja ta sai ta ƙara sirancewa. Naman mai rai kuwa, in aka ja shi sannu sannu, kullum, sai ƙananan ƙwayoyin jiki su rabu su haifi sababbi, su cike wurin. Wani lokotoro na ƙasar Rasha mai suna Ilizarof ya yi aiki da wannan hanya tun wajen 1950. Yana yanke ƙashin ƙafa, yana raba shi milimetir 1 kowace rana, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani.

Ƙarfen da ake talla, wannan dabara ce ya ara. Yana da zobe da ke zama a gindin gaba, da sanduna biyu, da maɗauri a bayan kai. Sandunan suna turawa, gaban yana miƙe. Ana sa shi awa 4 ko fiye kowace rana, har wata 6. Mu lura da kyau: wata 6, ba kwana 6 ba.

To, me ake samu? A shekarar 2009 lokotoroci a garin Turin na Italiya sun gwada shi ga maza kaɗan, ba su kai 25 ba. Bayan wata 6 an samu ƙarin wajen santimetir 2 in gaban yana kwance. Santimetir 2 wajen faɗin babban yatsa ne. Kauri bai ƙaru ba. Ƙarfen kuma ba ya maganin rashin haihuwa.

Inda lokotoroci suka fi aiki da shi shi ne wata cuta da ke lanƙwasa gaba. Wani tabo mai tauri yana fitowa a ciki, sai gaban ya karkace in ya tashi, wani lokaci da zafi. Ana kiran ta cutar Peyronie, sunan lokotoron Faransa da ya yi bayaninta a 1743. A nan ja yana iya rage karkata, amma da sanin lokotoro.

Ga abin da muka fi so a riƙe. A 2015 an tattara awon da ma'aikatan lafiya suka yi wa maza fiye da 15.000 a ƙasashe daban-daban. An ga matsakaicin tsawo wajen santimetir 9 ne a kwance, 13 a tashe. Galibin mazan da ke zuwa likita da wannan damuwa, in aka auna su sai a tarar lafiyarsu lau. Wani tumbi ne ya rufe masa, wani kuma hirar majalisa ce ta ruɗe shi, ga shi kuwa a majalisa ba mai faɗin gaskiya kan wannan.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Maɗauri in ya matse, jini ba ya wucewa. Idan kan gaba ya yi sanyi, ko ya sake launi, ko ya mutu ba a jin taɓi, ko ya yi zafi, a cire nan take. Mai ciwon sukari ya fi shiga haɗari, don yana iya jin rauni bai sani ba, kuma gyambonsa ba ya saurin warkewa. Masu rataya dutse ko ƙarfe mai nauyi, ko masu ɗaurewa da roba, suna iya tsinka jijiya, su rasa abin da suke da shi. Kada a yarda a yi wa gaba allurar mai ko wani ruwa. Yana kawo kumburi da ruɓa, har sai an yi aiki.

Garin magani da ƙwayoyin ƴan talla ba su ƙara ko milimetir ɗaya. Wasu ma ana cuɗa su a ɓoye da maganin tayar da gaba na farmasi, wanda yake iya kada mai shan wasu magungunan ciwon zuciya.

Wanda gabansa ya karkace, ko yaron da ya balaga gabansa bai girma ba, a fara da likitar da ta fi kusa. Daga can za a ba da takardar zuwa babbar likita a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, wajen lokotoron mafitsara. Awon ba ya daɗewa, kuma a ɗaki ake yin shi, ƙofa a rufe.